Ramukan da Na Toshe a Gidan Dutse

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba zan manta da ranar da gidan dutsenmu ya kusa danne Kaka saboda rawar kaina ba.

Gidan yana wani ƙauye ta wajen Gayam, jingine da tsauni. Kakan mahaifina ne ya gina shi tare da maƙwabtansa Gbagyi, tun ba a san rufin kwano ba a yankinmu. Dutse ne bisa dutse, sai jar laka a tsakani. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, ƙofar kuwa sai ka sunkuya. A gindin bangon gaba akwai ramuka biyar a jere. Ban taɓa tambayar amfaninsu ba. Da na ga saɓar maciji a bakin ɗaya, sai na kwaɓa siminti na liƙe su tas, ina ta jin kaina wai na waye.

Wata ranar kasuwa, tsakiyar damina, kowa ya fita sai ni da Kaka, wadda ƙafafunta suka daɗe da mutuwa. Tun hantsi ake sheƙa ruwa. Ina rumfa sai na ji wani nishi daga ɗakinta, kuma ba na mutum ba ne. Bangon ne! Na ruga na tura ƙofa, ta ƙi motsi, dutsen samanta ya zauna a kanta. Da na leƙa ta 'yar taga, sai na ga bangon baya ya yi ciki, laka na dalala, ruwa na ɓuɓɓugowa daga daɓe har ya taɓa tabarmarta.

"Maigida," haka take tsokanata, "me ya sami magudanan nan?"

"Waɗanne magudanai, Kaka?"

"Ramukan gaba mana! Ta ƙarƙashin ɗaki ruwan tsauni ke bi ya fita."

"Na... na toshe su."

"Innalillahi! Ɗauko diga, ɗan nan, kada ka tsaya kuka!"

Ina sara ina salati. Simintin da na yi alfahari da ƙarfinsa ya zame mini abokin gaba. Can ciki na ji dutse ya faɗo, na ƙwala mata kira, shiru. Da ramin farko ya fashe, jan ruwa ya yi tsartuwa har ya kayar da ni. Sai da na buɗe na uku na ji tarinta.

Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar suka fito da ita. Ta tsira, amma bangon ya riga ya karkace. A ɗakin aka haife ta, kullum tana cewa a nan take so ta cika. Dole aka mai da ita wani ɗakin kwano, a can ta rasu, ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Tun ranar, duk abin da na tarar magabata sun bari, ko rami ne, sai na tambaya kafin in taɓa.