Hannun Rigar Baba

Jiya a Dutse na ga 'yan mata suna bin motar wani mawaƙi da ihu da kuka. Raina ya ɓaci, don Baba suka tuna mini.

Baba mai goge ne. Wata ranar kasuwa a Kiyawa yana cikin wasa mata suka ruɗe, wata Hajiya ta cafki hannun rigarsa tana kuka wiwi, ta yage shi, ta tafi da ƙyallen. Da muka koma gida ya zauna yana ɗinkin rigar, tana warin gumi da turaren mutane. Ya ce mini, "Kada hawayen nan su ruɗe ka. Gogen suke so, ba mai gogen ba."

Ban yarda ba sai da na nemi auren 'yar Hajiyar nan. Hajiyar ta aiko mana cewa su ba sa haɗa jini da maroƙa. Ranar jana'izar Baba kuwa ko sahu biyu ba mu cika ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya tufatar da shi rigar Aljanna, wadda hannun munafuki ba zai kai gare ta ba.