Ranar da Tsohuwar Kwamfutarmu Ta Faɗi Kayan Cikinta

Akwai wata safiyar Asabar a gidanmu na Gusau da har tsufana ba za ta bar raina ba. Tsohuwar kwamfutar gidan ta daina tashi, mai gyara ya ce faifan ajiyarta ya mutu, Baba ya kira mai sayen gwangwan. Ni kuwa duk waƙoƙin da na rubuta tun ina sakandare suna ciki, ban ajiye su ko'ina ba.

Halin Baba ne ya cece ni. Ya daɗe yana riƙe sito a ma'aikata, kuma a wurinsa ko tsintsiya ba a yarwa sai an rubuta ta. Ya zauna da biro da takarda, sukudireba a gefe, zai kwance kwamfutar ya rubuta kayan ciki.

Na ce, "Baba, bari in tambaye ta."

"Ki tambayi wa?"

"Ita kwamfutar."

Inna tana tankaɗe a bakin ƙofa, ta ce, "Alhaji, ɗiyarka ta fara hira da ƙarfe. Boko ya yi daɗi."

Na soka mata filashin da muke koyon aiki da shi a ajin kwamfuta, na tashe ta daga kansa. Baƙin allo ya fito, ɗan layi yana ƙyaftawa kamar mai jiran sallama. Na buga haruffa huɗu, lshw, umarnin da ke sa kwamfuta ta faɗi abin da ke cikinta.

Sai rubutu ya zubo kamar an kwance bakin buhun gero. Ina karantawa, Baba na rubutawa: furosesa, ram, katin sauti. Kowanne sai ya ce, "Ya halarta." Dariya ta kama ni, na kasa zama. Can ƙasa na hango faifan, da sunansa da girmansa. Sau uku na karanta.

Baba ya gyara tabarau. "Wanda anka ce ya mutu?"

"Shi ne, Baba."

"Mamaci ba ya amsa kira." Ya leƙa zaure ya ce wa mai gwangwan, "Malam, yi haƙuri, wagga ba ta isa zubarwa ba."

Ashe tsarin da ke tashe ta ne kawai ya lalace. Kafin azahar na kwashe waƙoƙina kaf, na zaga tsakar gida ba takalmi, kaji na watsewa.

Tun daga ranar, mutum ko na'ura, ba na yarda an gama da shi sai na tambaye shi da kaina.