Ni na kashe kyarkecin Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da muka sallaci Yaya Sale a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye alƙalamin, domin na san inda rubutun zai kai ni. Bana dai na gaji da kewaye-kewaye.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife mu, a gidan da kakanmu ya kafa bayan ya zo hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Ni ɗan gari ne, a ba ni inuwa da shayi da surutun kasuwa, an gama da ni. Shi kuwa hayaniyar Makka ciwon kai take sa masa. Saboda haka muka raba aiki: shi yana kiwon tumakinmu da awaki a wani kwari da ke hanyar Ɗa'ifa, bayan an fita iyakar Harami, ni kuma ina saye da sayarwa a kasuwar dabbobi.

Yaya yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Idan dabba ta mutu a garke, ko akuya ta yi ɓari, ba ya binnewa. Sai ya jefa mushen a bayan mota, ya hau can saman kwarin, ya ajiye a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse. Kyarketai biyu ne a wurin, namiji da mace, su yake kai wa. Na taɓa ce masa, "Yaya, wai ɓarawo kake yi wa walima?"

Ya ce, "Kai ba ka san dutse ba, Bukari. Wannan maigadi ne. Muddin yana nan, kare ba ya shigowa, biri ba ya saukowa. In ya ɗauki ɗan akuya ɗaya a shekara, halas, haƙƙinsa ne."

Maƙwabcinsa a kwarin wani Badawi ne, Balaraben daji mai raƙuma da awaki, ana ce masa Abu Salim. Sun fi shekara ashirin tare. Kullum da hantsi Yaya yana tantinsa suna shan gahawa da dabino, ranar Juma'a kuma Yaya ya gasa masa tsire, ya ci yana share hawayen yaji yana neman ƙari. A kan kyarkeci ne kawai ba su taɓa daidaitawa ba. Abu Salim ya ce iyayensa da kakanninsa harbewa suke yi su rataye, shi ma ranar da ya yi ido huɗu da shi sai ya ɗirka masa harsashi. Yaya ya ce ai sai ya fara koyon saiti. A haka suke musun, su yi dariya, gobe su ɗora daga inda suka tsaya.

Wata shekara, ana saura 'yan makonni hajji, na tara raguna a garken. Wata safiya aka tarar da uku a yayyage. Yaya ya durƙusa ya juya su, ya ce karnuka ne, domin kyarkeci maƙogwaro yake kamawa, ya ɗauki ɗaya ya yi gaba, waɗannan kuwa ta cinya aka far musu aka bar naman a wurin. Ban saurare shi ba. A ganina mutuminsa kawai yake karewa, kuma zuciyata ta riga ta yanke hukunci.

Bayan kwana biyu wata tsohuwar tunkiya ta mutu. Na ce, "Yaya, huta, yau ni zan kai." Har yanzu ina ganin yadda fuskarsa ta washe. Ya ɗauka ƙaninsa ya fara hankali, har ya kwatanta min inda zan ajiye motar don kada duwatsu su fasa min taya. Na hau, na zuba wa mushen guba, na ɗora a kan dutsen, na sauko muka ci abincin rana tare.

Washegari aka tsinci namijin a mace kusa da kwamin da Abu Salim yake shayar da raƙumansa, ƙishin gubar ya kai shi can. 'Ya'yan Abu Salim suka yi abin da suka gada: suka ɗaure ƙafafunsa, suka rataye shi a wata bishiyar ƙaya a bakin hanya, kai a ƙasa, don masu wucewa su gani. Muna cikin mota ni da Yaya muka gan shi. Yaya ya karya kan motar zuwa tantin Abu Salim.

Abu Salim ya zuba gahawa ya miƙo masa, ya ce, "Wallahil azim, ya Sale, a mace muka same shi. Ba hannuna."

Yaya ya ce, "Shekara nawa kana cewa za ka kashe shi? Da ka yi, sai ka tsaya a kan aikinka, ba ka haɗa da sunan Allah ba."

Ya bar hannun mutumin a miƙe da finjalin, ya juya. Wanda ya zauna da Badawi ya san ba cin fuskar da ya kai wannan: ka ƙi gahawarsa, ka kuma ƙaryata rantsuwarsa a gaban 'ya'yansa. Ina tsaye a wurin, kalma huɗu ce kawai za ta kashe wutar, amma na ja bakina na tsuke. Tsoron idon Yaya na ji, ba wani abu ba. Na ce a raina fushin kwana biyu ne, za su shirya.

Ba su shirya ba. Macen ta bar kwarin, ba a sake ganin sawunta ba. Kafin shekara ta zagayo karnuka marasa masu suka mamaye wurin, garke guda suke zuwa da rana tsaka, ranar da suka shigo mana sai da muka kwashe mushen 'yan awaki a kwando. Birai kuma suka sauko suna yaga buhunan sha'ir, suna yi wa mai kora gwalo. Yaya bai taɓa ce min "ban gaya maka ba?" Sai dai ya yi ta gyaran shinge shi kaɗai, da hantsi kuma ya sha shayinsa a gindin mota, yana hango tantin Abu Salim daga nesa.

Shekara huɗu ya yi a haka kafin ciwon ajali ya kwantar da shi. Ni na yi jinyarsa. Na ba shi abinci a baki, na yanke masa farce, mun yi hirar iyayenmu da ta 'ya'yansa, har da ta farashin ciyawa. Sau ɗaya na buɗe baki na ce, "Yaya, akwai wata magana," ya juyo yana jira, sai na tambaye shi ko a ƙara masa matashi. Ranar jana'iza Abu Salim ya zo, ya sa kafaɗa a makara har bakin kabari.

Yanzu maganar kyarkeci ta dawo bakin mutane. Hukuma ta hana farautarsa, makiyaya kuma suna cewa ya fara yawa, a ba su dama su rage shi. A waya kullum sai ka ga hoton garken da aka yi wa ɓarna, a ƙarƙashinsa ana ta zage-zage. Wasu na cewa a ƙarar da shi gaba ɗaya, wasu kuma, waɗanda ba su taɓa ɗaukar mushen ɗan akuya a hannunsu ba, suna cewa ko kallon banza kada a yi masa. Nakan yi tunanin me Yaya zai ce. Ina jin duka ɓangarorin zai ba haushi. Zai ce a fara zuwa a durƙusa a duba cizon tukuna, a san wa ya yi ɓarnar, kuma su nawa ne a dutsen, sannan a yi maganar bindiga. Ni dai ba ni da bakin hana makiyayi kare dukiyarsa. Abin da na sani shi ne na kashe wanda bai ci ba, waɗanda suka ci kuma na buɗe musu ƙofa.

Watan jiya na nemi Abu Salim. Ya sayar da dabbobin, yana gidan babban ɗansa a unguwar Aziziyya, idanunsa sun yi rauni. Na zauna a gabansa na faɗa masa komai, tun daga tunkiyar har shirun da na yi a tantinsa. Ya daɗe yana murza gemunsa.

Ya ce, "Nawa na yafe, ya Bukari. Amma shi ya tafi yana ɗauka na rantse da Allah a kan ƙarya. Wa zai je ya gaya masa?"

Na yi masa sallama na fito. Garken ya watse, kwarin ma an fara yanka shi filaye. Abin da ya rage na Yaya shi ne 'ya'yansa, da sunan da ya bari na mutumin da ba ya yanke hukunci sai ya duba da idonsa. Sau ɗaya tak ya zalunci wani a rayuwarsa, kuma ni na sa shi. Allah ya jiƙansa, kada ya kama shi da laifin da nawa ne. Ku kuma da kuka san su tare a kwarin nan, kuka ji yadda suka rabu, ku shaida: Abu Salim bai yi ƙarya ba.