Sawun Yatsun Baba a Bayan Siminti

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Iro Magini, Allah Ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma abin da na gani a ƙauyenmu makon jiya ya hana ni.

Ƙauyen namu yana kusa da Gwangwan, kuma rake ne ya kafa shi. A zamanin Turawa aka kawo injin matse rake, irin wanda doki ke juyawa, sai jama'a suka taru kewaye da shi, kowa ya yi gida. Yawancin gidajen nan aikin Baba ne. Amma abin alfaharinsa shi ne soron ajiye mazarƙwaila. Ita mazarƙwaila ba ta shiri da danshi, da ta ji shi sai ta narke. Don haka ya yi wa bangon kauri, ya jera azara, ya shafe shi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Fatake daga Karaye kan zo tsakiyar damina su tarar da kayan a bushe. Ina yarinya nakan laɓe a ciki ina lasa, shi kuma ya yi kamar bai gan ni ba.

Duk shekara kafin ruwan farko sai ya zagaya soron yana ƙwanƙwasa bango da yatsa, kunnensa a manne. Inda ya ji sauti ya canza, nan zai yaɓe da hannunsa. Yakan ce bangon ƙasa numfashi yake yi, ya sha ruwa da damina, rana ta fito ya fitar.

Yanzu injin ya daɗe da tafiya wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Gidajen sun zube ɗaya bayan ɗaya, an maye gurbinsu da bulo da kwano, ɗakunan da ba sa zaunuwa da azahar. Soron kaɗai ya rage. Shi ne kuma ƙanena Lawal ya lulluɓe da siminti shekara uku da suka wuce, har da fenti shuɗi, wai an ci gaba. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Haba Yaya, ai gata na yi masa. Wa zai riƙa yaɓe duk shekara? Nuna min mai haɗa makuba ko ɗaya a garin nan."

Ban iya nuna masa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Sau nawa na tsaya ina kallon Baba yana jiƙa ɓawon nan? Ban taɓa tambaya ba, wai gini aikin maza ne. Mazan kuma sun tafi boko. Da Baba zai leƙo yau, ban ga alamar faɗansa zai tsaya kan Lawal kaɗai ba.

Makon jiya na ƙwanƙwasa bangon yadda yake yi. Ƙara ya yi kamar ƙwarya a kife. Ruwa ya shiga ta tsagar sama, siminti ya hana shi fita, ƙasar ta ruɓe a ciki. Ina dannawa sai wani ɓangaren simintin ya ɓalle ya faɗo gabana. Bangon Baba ya zama taɓo mai wari, gara ta cinye bakin azara. Ko ni da ban san gini ba na san soron nan ba zai ga ƙarshen daminar bana ba.

Na juya simintin da ya faɗo. Ashe lokacin da aka shafa shi yana ɗanye ya kwashe shatin yaɓen ƙarshe da Baba ya yi: layi huɗu, sawun yatsunsa, a fili. Lawal da ke tsaye gefena ya gani, ya kau da kai.

Na taho da guntun nan gida Rogo a cikin mayafina. Abin da ya saura na maginin garinmu ke nan, a jikin abin da ya kashe masa gini. Na ɗora hannuna a kai, yatsuna suka zauna daidai da nasa. Sai dai nawa ba su iya komai ba.