Ranar da aka taƙaita jawabina a gaban Sarkin Zango

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune a gidanmu a zangon Yendi ina ji da kaina. A makaranta ni ce gwanar muhawara, har Tamale an kai ni na dawo da kofi. Duk wanda ya ja da ni a gida sai ya yi nadama, domin ba na barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofar tasha, ita da wasu mata, tun kafin a haife ni. Da wannan sana'ar ta yi mini makaranta. Kwatsam sai direbobi suka ce matan su tashi su koma bayan katanga, inda ba fasinjan da ke bi. Magana ta kai gaban Sarkin Zango, aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Magajiyar matan, wadda ta saba yi musu magana, ta tafi Salaga gaisuwar mutuwa. Sai matan suka ce ai ga 'yar makaranta.

Mahaifiyata ba ta so ba. Ta ce, "Ke ba ki da haƙuri. Can ba makaranta ba ce."

Na ce, "Mma, ki bar ni da su. Direbobi ne fa."

A zauren sarkinmu ba ka yi masa magana kai tsaye. Akwai wani dattijo da ke zama a gefensa. Shi za ka gaya wa, shi kuma ya juya ya isar wa sarki a taƙaice, ko da sarkin ya ji komai da kunnensa. Na san da wannan al'ada, amma na ɗauke ta ado ne kawai.

Shugaban direbobi ya fara. Bai daɗe ba. Ya ce yanzu ana ajiye durom-durom na fetur a bakin ƙofar, mata kuma suna hura wuta a nan, kwanan baya ma tartsatsi ya kama wani buhu kusa da su. Dattijon ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce wuta da fetur suna wuri ɗaya, yana tsoron gobara." Ni ko saurara ban yi sosai ba, ina ta tsara nawa a kai.

Da aka ba ni dama, na miƙe maimakon in durƙusa, sai da wata ta ja mini zane. Na fara. Na ce direbobi ba su da godiya, kokon nan ne ke buɗe musu ido da asuba. Na ce rabinsu ba su iya rubuta sunansu ba, amma suna so su tsara gari. Na kawo zancen 'yancin mata, na jefa Turanci nan da can don su san da wa suke magana. Matan suna bayana suna "Ƙwarai! Gaya musu!" Ni kuwa kamar ana ƙara mini wuta. Na yi ta yi har muryata ta dushe.

Da na yi shiru, dattijon ya dube ni. Ya ce, "'Yata, kin gama?"

Na ce na gama.

Ya juya wajen sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ce ransu ya ɓaci."

Shi ke nan. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Wani direba ya tuntsire da dariya, sauran suka kama.

Na ce, "Baba, ai ba shi kaɗai na faɗa ba!"

Ya ce, "To, wanne na bari? Zagin ba zan ɗauka in kai masa ba. Turancin ban ji ba. Zancen wutar fa, me zan ce kin ce?"

Wallahi ban ce komai a kan wutar ba, ko kalma ɗaya. Ga mahaifiyata a gefe ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Sarki ya ce tunda ba a amsa zancen gobara ba, mata su koma bayan katanga, in magajiya ta dawo a sake zama.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mahaifiyata tana fita da asuba ta dawo da rana da rabin tukunyar koko ya yi tsami, mu sha, maƙwabta su sha, sauran a zuba wa awaki. Ba ta taɓa ce mini "na gaya miki" ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. In na bi ta tasha kuwa, sai 'yan kamasho su ce, "Lauya, yau ma ranku ya ɓaci?"

Yayata ce ta gaji da kukana. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta ce, "Ni ce tsohon nan. Yi magana, in maimaita." Duk abin da na faɗa sai ta ce, "Ta ce tana fushi." Na kusa kwaɗa mata ludayi. Sai da muka yi ta yi, sannan na tsaya na tambayi kaina abin da shugaban direbobin yake tsoro. Wutar yake tsoro, matan ba su dame shi ba. Mu kuma ƙofar muke bukata saboda fasinja, murhun zai iya zama ko'ina.

Da magajiya ta dawo aka sake zama, ban yi zaton za ta bar ni in buɗe baki ba. Ta harare ni ta ce, "Ke kika zubar, ke za ki kwashe." Na durƙusa. Na ce shugaban direbobi yana da gaskiya a kan gobara. Na ce a bar murhu a bayan katanga, a can za a dama a soya, amma a bar mata su kawo tukwane da faranti bakin ƙofa su sayar, ba wuta ko ɗaya.

Dattijon ya juya ya maimaita shi duka, bai zubar da komai ba. Shugaban direbobi ya ce in haka ne shi ba shi da magana, shi ma ya gaji da zagayawa baya neman koko.

Matan suka dawo ƙofa. Amma mahaifiyata ta ci gaba da ɗauko tukunya mai zafi daga bayan katanga kullum har ta bar sana'ar, kuma wasu masu sayenta da suka saba da wani wuri a kwanakin nan ba su dawo ba.

Har yau ba ni da haƙuri, kada ku ɗauka na zama wata saliha. Sai dai duk lokacin da gardama ta taso na ji bakina yana ƙaiƙayi, sai in ga tsohon nan ya juya zai isar da maganata, in tambayi kaina me zai samu ya ɗauka. Sau da yawa sai in ja bakina in yi shiru. Sunan Lauya kuwa bai bar ni ba, kuma har yanzu in an kira ni da shi a Yendi sai na ji kunya ta kama ni.