Miyar da ke tsallako katanga

Shekarun baya, lokacin muna haya a wani lungu a Samaru, na yi wata gajiya da ban san sunanta ba. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubuta muku, sai ku yi haƙuri da zancen tsohuwa. Gajiyar nan ba ta ƙashi ba ce. Tukunya ce ta fita raina.

Maigidana tela ne. Tun ranar da aka kawo ni gidansa muciya ba ta huta a hannuna ba. Gari ya waye, ɗumame. Rana ta faɗi, tuwo. Yau kuka, gobe kuɓewa, jibi a koma kuka. In na ce, "Malam, me za a dafa?" sai ya ce, "Abin da ya samu," ko ɗagowa ba ya yi. Bayan magariba a fitar da kwanonsa ƙofar gida inda suke ciyayya, kowane magidanci da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. Kwano ya dawo mini a suɗe. Ba a ce ya yi daɗi ba, ba a ce gishiri ya yi yawa ba. Da ma faɗa aka yi mini, da na san an ɗanɗana.

A hankali warin daddawa ya fara tayar mini da zuciya. In na gama tuƙi sai in kasa ci, in jiƙa ƙanzo in ɗan taɓa, in kwanta. Zane ya fara zame mini daga ƙugu. Na kai kukana wajen mahaifiyata, ta dube ni ta ce, "Mace ba ta gajiya da murhu. Mu wa muka faɗa wa?" Na dawo da abina.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata baiwar Allah, Kirista daga kudancin Kaduna, mijinta malamin firamare. Maman Biyu muke ce mata. Damina ta zubar da kan katangar ta wajen madafi, har muna ganin juna daga kafaɗa zuwa sama. Wata la'asar ta leƙo ta same ni zaune gaban murhu, hawaye na bin fuskata.

Ta ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Hayaƙi ne."

Ta ce, "Wane hayaƙi? Ko ashana ba ki ƙyasta ba."

Sai na yi dariya ina kuka, na zazzage mata cikina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ce. Ni in na ga tukunyata ji nake kamar in jefa ta rijiya. Yarana tun daga bakin titi suke gane abin da na dafa, su shigo suna tsaki. Yaya, yi miyarki ki miƙo, in yi tawa ki karɓa. Nama dai wajen mahaucinku nake saya, kin sani."

Miƙa ɗanɗano ta katanga ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Amma tukunya guda, ban taɓa jin wadda ta yi ba. Na kaɗa kukata na miƙa, ta miƙo mini miyar riɗi da busasshen kifi, ta ɗan jefa yakuwa. Na zuba a kwanon Malam, aka fita da shi.

Bayan isha'i sai ga shi a ƙofar madafi, wurin da bai taɓa takawa ba. Ya ce, "Ke, yau me kika sa a miyar nan? Kowa ya bar kwanonsa ya dawo nawa. Liman har da lasar yatsa. Allah ya yi miki albarka."

Tun ina amarya nake jiran maganar nan. Na haihu ina jiranta, na aurar ina jiranta. Ranar da ta zo, ta zo ne a kan miyar wata. Na ce, "Amin," na juya ina kankare tukunyar da na riga na wanke.

Amma Allah ba ya rufe ƙofa duka. Da safe tagwayen maƙwabciyata suka rataya a katanga suna cewa, "Mama, yau ma ke za ki yi mana?" Ubansu ya aiko a gaishe ni, wai rabonsa da kuka irin wannan tun ta kakarsa. Kukar da na raina, wai ita ce abin aike.

Daga nan muka mayar da abin sau biyu ko uku a mako, ni kuwa hannuna ya farka. Na koma shiga mota har kasuwar Sabon Gari don in zaɓo kuka mai kore shar, in shinshina daddawa, in ɗanɗana man shanu kafin in saya. Ina kaɗa miya ina waƙa. Na koma cin abinci, jikina ya dawo. Duk wannan ƙoƙari na gidan wasu ne.

Wani lokaci nakan gwada sa'ata. In yi miyar da ta fi kowace, wadda tagwaye ke faɗa a kan ƙarshenta, in zuba wa Malam. Kwano ya dawo shiru. In ya yi magana, sai dai ya ce, "Yaushe za a yi mana waccan?"

Ana nan mijin Maman Biyu ya yi ritaya, suka ɗaure kaya za su koma garinsu. Kafin su tafi ta zaunar da ni ta nuna mini komai, yadda ake soya riɗi kar ya yi ɗaci, da lokacin jefa kifi. Na koya, na kuma iya. Sai dai kowace mace da hannunta.

Na yi ta farko, Malam ya yi shiru. Na yi ta biyu, ya shigo da kwanon da saura a ciki, ya ajiye a gabana ya ce, "Hannunki ya lalace. Da kin fi haka."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Malam, waccan miyar ba ni nake yi ba. Ta maƙwabciya ce, ta katanga take shigowa. Tawa kuma ita ake ci a can, ana sa mini albarka."

Na zaci zai yi faɗa. Na ma so ya yi. Ya gyara hularsa, ya ce, "To, shi ya sa. Ni ma dai na yi mamaki." Ya fita.

Mun zauna shekaru bayan nan har Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa barinsa da yunwa ba, ban kuma sake leƙa kwanonsa in ya dawo ba. Na yafe masa, Allah ya ji ƙansa, amma maganar nan tana nan inda ya ajiye ta. Girkin da nake yi da zuciya ɗaya na mayar da shi wajen masu baki: gidan suna, gidan makoki, ɗaliban da ke haya kusa da mu, waɗanda in sun ci sukan dawo da kwano da kansu su ce, "Mama, mun gode."

Yanzu jikokina mata kan zo su ce sun gaji da girki, wai ko in koya musu sabuwar miya. Ina koya musu, ba na rowa. Amma kafin mu ɗora tukunya nakan tambayi kowace, "Mai cin abincin naki, in ya gama, yana magana?" In ta sunkuyar da kai, na san ba miya ce ta kawo ta ba. Sai in zuba mata nawa, in zauna kusa da ita har ta cinye.