Mai Zane da Ƙofar Rauta

Shekara ashirin da uku Mai Zane ya yi yana zana taswirar gini a wani ɗan ofis a saman kantin fenti. Bai taɓa fashi ba sai da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a asibiti. Zanen wata makaranta na cikin kwamfutar ofis, saura matakalar bene, masu aikin kuwa sun ce ƙarfe huɗu na yi za su ba wani.

Ya tura ƙanwarsa Auta, mai ɗinki, ofis ɗin, ya riƙe ta a waya.

"Juya rautar, na'urar intanet ɗin nan, kalmar sirri na ƙasanta. Ki shiga saitinta a kwamfuta, ki buɗe ƙofa ta 3389, ki sa adireshin kwamfutata, in samu shiga daga nan."

"Yaya, gurbi huɗu nake gani, wanne?"

Sau uku tana cikewa, ƙaramar kwamfutar da ke cinyarsa tana ƙi. Ya yi mata tsawa, ya dawo yana ba ta haƙuri. A na huɗu ta gyara wata lamba da ta juya, sai ga zanen a gabansa.

Ya ɗora hannun dama a kan linzamin kwamfutar, yatsun suka ƙi motsi. Ya gwada hagu, layin ya karkace. Auta ta ji numfashinsa ya sauya.

"Yaya, sakar min. Ni ma da awo nake ci. Faɗi tsawon."

Ya share ido, ya fara karanto mata, tana zanawa a kwamfutar ofis. Lokaci ya cika suna taki na tara, aka ba wani aikin. Duk da haka bai bar ta ta tashi ba sai da matakalar ta kai sama.